Ranar da Mai Leda Ya Hau Tsani

Mahaifina bai yarda da takarda tsirara ba. Duk takardar da ta shigo gidanmu, in dai akwai suna a jikinta, ba ta kwana biyu sai an sa mata leda. Takardun haihuwarmu mu huɗu, katin asibitin Umma, hoton kakanmu da ya dushe har ba ka gane hanci da baki, duk suna cikin leda. Har takardar da likita ya rubuta wa Yaya maganin tsutsar ciki tun yana aji uku tana nan, tana sheƙi kamar jiya aka rubuta ta. Umma takan ce da za mu shige bakin injin, da tuni mu ma ya liƙe mu ya jera a akwati.

Sana'arsa ke nan. Yana da ɗan shago daura da babbar ƙofar jami'a, titi ne kawai ya raba su. A ciki akwai injin fotokofi, da injin sa leda, da farin ƙyalle a bango na ɗaukar hoton fasfo, da benci ɗaya mai ƙafa guda a kan bulo. Shekara ashirin da shida yana nan. Ɗalibai ne suka sa masa Mai Leda, sunan ya bi shi har gida, har Umma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Ya iya aikinsa, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. In ka ba shi takarda, sai ya hure ta, ya ɗaga ta saitin haske ya duba ko akwai gashi ko ƙura, sannan ya sa ta a leda ya daidaita gefe huɗu. In ta fito daga injin da ɗuminta, da hannu biyu yake tarbarta. Daga nan ya zagaye kusurwoyin da almakashi don kada su soki mai ita. Yakan ce takarda ba ta da fata, sai ka yi mata. Idan ɗalibi ya kawo sakamakon da bai yi kyau ba, Baba ba ya cewa komai, amma a kife yake miƙa masa, don kada na kan benci su gani.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi tun ina sakandare shi ne ladabinsa. Kowa ranka ya daɗe ne a wurin Baba. In dai mutum ya rataya kati a wuya ko ya riƙo fayil, Baba zai miƙe tsaye, ko da kuwa sa'ar Yaya ne. Kuma duk shekarun nan bai taɓa shiga ƙofar jami'ar ba, ko sau ɗaya. In na tambaye shi sai ya ce, "Me zan je yi, Auta? Duk abin da ke ciki nan yake fitowa a kwafe shi."

Ni kuwa ciki nake so. Na girma a kan bencin nan ina kallon masu shiga da fita, na kuma sa a raina cewa haɗa magunguna zan karanta a can. Da sakamakon jarrabawar shiga ya fito, maki kaɗan ne suka hana ni. Sai na tafi wata kwaleji da ke can bakin gari, bayan layin masu faci, na fara karatun gwaje-gwajen asibiti. Ba zan zage ta ba, akwai malaman kirki a cikinta. Amma na'urar duba ƙwayoyin cuta ɗaya ce mai aiki, mu arba'in da biyu muke layi a kanta, kafin ya zo kanka abin da za ka duba ya bushe. Dangi suka dinga rarrashina da cewa ai duk karatu ne. Babu maganar da na tsana kamar wannan, don masu faɗinta ba sa tura 'ya'yansu bayan layin masu faci.

A shagon Baba na ga hanya. Wata rana wani ya kawo sanarwa a kwafa masa, na karanta ta a tsaye. Ashe duk shekara sashen haɗa magunguna yana ɗaukar mutum huɗu daga kwalejoji zuwa aji biyu, in sakamakonsu ya kai. Huɗu kacal. Na kwafi ɗaya na ninke na sa a jakata, daga ranar na daina zuwa ko'ina in ba aji ba.

Shekarar farko na zo ta ɗaya. Ofishin kwaleji suka ce in kawo hoton fasfo, na ba su wanda Baba ya ɗauke ni. Bayan sati biyu sai ga fuskata a bakin ƙofar kwaleji, a jikin wani ƙaton allon talla na roba mai kauri da aka ɗaure a ƙarfe, tsayin fuskar ya fi ƙofar ɗaki. A ƙasa an rubuta: Ku zo ku zama kamarta. Baba ya ɗauki Umma takanas suka je kallo. Ya dawo yana cewa sun ɗan ƙara wa hoton haske, amma ba laifi.

Shekara ta biyu ma na zo ta ɗaya. Sai na je ofishin Magatakarda, mai kula da takardun ɗalibai, na ce ina son cikakkiyar takardar sakamakona zan kai jami'a. Nan take fara'arsa ta gudu. Ya sauke tabarau ya bar shi yana lilo a igiya.

"Me muka yi miki?" in ji shi.

"Ba ku yi mini komai ba. Gaba nake son wucewa."

"Ki ƙarasa da mu, mu ɗauke ki koyarwa. Can in kin je, wa ya san ki? Nan kuwa ga fuskarki a bakin ƙofa."

Na ce masa ba fuska na zo nema ba, takarda na zo nema. Wannan amsa ta ci mini sati bakwai. Yau babu tawada a injin, gobe Shugaba ya yi tafiya, jibi mai riƙe da makullin hatimi bai zo ba. Ni ma na ce mu zuba. Kullum da safe ina kan bencin ƙofar ofishinsa da littafina, in ya fito na gaishe shi, in ya koma na gaishe shi, har ya fara bi ta ƙofar baya. Jami'a ta ce ranar Juma'a ƙarfe goma sha biyu za ta rufe karɓa. Ranar Litinin ta wannan satin ya miƙo mini ambulan ruwan ƙasa, a liƙe, da hatimi uku a kan bakin da sa hannunsa a tsakiya.

"Ko ke ba a yarda ki buɗe ba," ya ce. "In aka buɗe, ta mutu."

Wannan maganar ce ban gaya wa Baba ba, kuma laifin nan nawa ne, ba na kowa ba. Tun da na shiga kwaleji na daina yi masa bayani. In ya tambaye ni wani abu sai in ce, "Harkar makaranta ce, Baba, ba za ka gane ba." Shi kuma sai ya gyaɗa kai ya koma kan injinsa.

Na biyo ta shago da azahar, hadari ya haɗu. Saura gwajin lafiya da jami'a ta nema ban yi ba, ga shi ba na son ambulan ya jiƙe a jakata. Na sa shi a aljihun tebur ɗin Baba na ce, "Ajiya ce, yanzu zan dawo." Ina asibiti ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, bai tsaya ba sai wajen la'asar.

Da na dawo na tarar da Baba yana murmushi, irin wanda yake yi in ya gyara wa wani takardar da ta yage. Rufin shagon ya yi yoyo daidai kan tebur, ruwa ya shiga aljihun, kusurwar ambulan ta jiƙe, tawadar hatimi ɗaya ta fara narkewa. Sai ya yi abin da ya shekara ashirin da shida yana yi wa jiƙaƙƙiyar takarda. Ya sa reza ya tsaga ambulan a miƙe, ya zaro takardar, ya shanya ta a gaban fanka, ya sa mata leda. Har kusurwoyin ya zagaye. Bai taɓa ganin ambulan irin wannan ba, don daga ofis zuwa ofis suke tafiya, ba sa biyowa ta shagon fotokofi.

"Da na ƙara minti biyar da ta tafi," ya ce, yana miƙo mini da hannu biyu. "Auta, ashe haka makinki yake? Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na ga sakamako a shagon nan."

Da sauran ɗumi a jikinta. Na kalli takardar, na kalli ambulan a tsage a gefe. Akwai ɗalibai biyu a kan benci, ban damu ba.

"Shekara ashirin da shida kana bakin ƙofar jami'a," na ce, "amma ko abu ɗaya bai shiga kanka ba. Ka kashe ni, Baba. Sati bakwai na yi a kan takardar nan."

Murmushin bai tafi nan da nan ba, sai da ya ɗan tsaya a fuskarsa kamar bai san inda zai je ba. Ɗaliban suka sunkuyar da kai. Baba ya ɗauki tsumma ya goge ledar da babu abin gogewa a jikinta, ya ce, "To."

Na tsallaka titi da ita a haka. Matar da ke kan kanta a ofishin ɗaukar ɗalibai ta juya ta gaba da baya. Ba ta yi mini wulaƙanci ba, gajiya ce kawai a fuskarta. Ta ce an buɗe, an kuma sa leda, ba ta da yadda za ta tabbatar ba a taɓa maki ba. In kawo sabuwa a rufe kafin sha biyun Juma'a.

Ranar Talata na koma wurin Magatakarda. Na rantse sai da na ga daɗi a idonsa. Ya ɗaga takardar yana duba gefenta.

"Wa ya yi wannan aikin? Ya iya kam, ko kumfa babu." Ya yi dariya. "Sau ɗaya muke bayarwa a zango. Ki dawo zango mai zuwa."

"Nuna mini inda aka rubuta haka."

"Ki dawo zango mai zuwa," ya maimaita, ya jawo wani fayil.

Zango mai zuwa yana nufin baɗi, baɗi kuma ba wanda ya yi mini alkawarin kujera huɗun nan za su jira ni.

Ranar Laraba Baba ya gwada hanyar da ya sani, wato roƙo. Akwai wani babban jami'i a jami'ar wanda tun yana ɗalibi a shagonmu yake kwafar takardu. Da safe ya tsaya da mota a bakin shago, Baba ya durƙusa saitin taga ya yi masa bayani. Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Mai Leda, kai da kanka?" Ya ce dokar ba a hannunsa take ba, ya ɗaga gilashi. Daga nan Baba ya sa rigarsa mafi kyau ya tafi kwaleji. Awa huɗu ya yi a kan bencin da na yi sati bakwai. Da aka shigar da shi ya zuba ranka ya daɗe har ya gaji, Magatakarda ya ce masa ya ji tausayi ƙwarai, amma sai zango mai zuwa.

Da yamma ina wanke-wanke Umma ta zo ta tsaya a kaina.

"Kin san tun Litinin bai kunna injin ledar nan ba? Wata ta kawo takardar haihuwar ɗanta, ya ce ta je gaba."

Na sunkuyar da kai a kan tukunya.

"Bakin nan naki nawa ne, na sani, ni na ba ki. Amma ni ban taɓa faɗa masa irin wannan a gaban mutane ba. Mutumin da bai wuce aji shida ba ya kai ku huɗu makaranta da injin nan, ke kuma ki ce ba abin da ya shiga kansa."

Na ji kunya ƙwarai, kunyar kuma ta ƙara mini haushi, don ban san inda zan ajiye ta ba. Ban je na ba shi haƙuri ba. Na ci gaba da dirzar tukunya.

Ranar Alhamis da safe yana ɗaura agogo ya yi mini magana ta farko tun Litinin.

"Hoton nan na kan allo, sun tambaye ki kafin su sa?"

"A'a."

"Ni ma ba su tambaye ni ba." Ya gyara ɗaurin agogon. "Jiya na ga an manna cewa gobe iyaye za su zo karɓar fom na sababbin ɗalibai. Haka ne?"

Na ce haka ne. Ya gyaɗa kai ya fita, na ji shi yana sallama a gidan maƙwabcinmu mai fenti.

Juma'a wajen ƙarfe goma mai fenti ya sauke mu da motar kayansa a bakin ƙofar kwaleji, mu da dogon tsaninsa da ya sha fenti kala-kala. Iyaye sun fi sittin a layi, daidai ƙarƙashin fuskata, wasu da 'ya'yansu, kowa da fayil a hammata. Baba ya jingina tsanin a jikin ƙarfen allon. Shekararsa sittin da ɗaya, gwiwarsa ta hagu kuma ko matakalar asibiti sai ya huta a tsakiya.

"Riƙe mini," ya ce.

"Baba, me za ka yi?"

"Harkar shago ce, Auta. Ba za ki gane ba."

Na riƙe. Ya hau a hankali, ƙafar dama gaba, ta hagu ta biyo. Da ya kai sama ya zaro rezar yankan takarda da rularsa ta ƙarfe daga aljihu. Ya ɗora rula a saman kaina na hoto, ya daidaita ta, ya fara yanka. Ko a nan bai yarda layi ya karkace ba.

Maigadi ya taho da gudu yana ihu, ya kai hannu zai kama tsanin.

"Kada ka taɓa," in ji Baba daga sama. "In na faɗo kai ka jefo ni, ga shaidu nan sun fi sittin."

Maigadi ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. "Malam, kayan makaranta ne!"

"Ƙarfen nasu ne, ban taɓa shi ba. Hoton ni na ɗauka a shagona. Fuskar kuma a gidana aka haife ta."

Layi ya watse, kowa ya matso. Wani dattijo ya ɗaga murya ya tambayi abin da ya faru. Baba ya juyo, hannu ɗaya a kan ƙarfe. Muryarsa ta kai har bakin titi.

"Wannan da kuke gani 'yata ce, ga ta nan riƙe da tsani. Shekara biyu tana zuwa ta ɗaya a nan. Ta nemi takardarta za ta wuce jami'a, aka yi mata sati bakwai. Da aka ba ta, ni na ɓata ta da hannuna. Jahilcina ne, ba na ɓoyewa. Na zo na roƙa a sake mata, aka ce sai zango mai zuwa. To fuskar ma sai zango mai zuwa."

Wasu suka yi dariya, amma ba irin dariyar mai mota ba. Wata mata ta kalli allon, ta kalle ni, ta ce, "Ashe shiga ce mai sauƙi a nan." Ta kama hannun 'yarta suka koma gefe. Wasu biyu suka bi ta.

Ba a jima ba Magatakarda ya fito, tabarau na lilo a ƙirjinsa. "Malam, sauko mu yi magana a ofis."

"Awa huɗu na yi a ofishinka shekaranjiya. Nan ya fi iska."

Na saurara in ji ranka ya daɗe, ban ji ba.

"Zan kira 'yan sanda."

"Kira su. Su ma suna da 'ya'ya a makaranta."

Ya juya ya ɗora rula a gefen kunnena na dama ya ci gaba. Ya gama gefe na biyu ke nan motar Shugaban kwaleji ta iso, ta kasa shiga saboda jama'a. Shugaba ya fito ya kalli allon, ya kalli iyayen da suka fara sa fayil a jaka.  Ya ja Magatakarda gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, na ga wuyan Magatakarda yana gajarta. Cikin ikon Allah aka ga makullin hatimi, tawada ma ta samu.

"An tafi yi," in ji Shugaba. "Sauko, Baba, kada ka ji ciwo."

"In na ga ambulan a hannunta zan sauko."

Minti hamsin ya yi a saman nan, rana tana dukansa. Ni da ke riƙe da tsanin ina jin rawar gwiwarsa tana saukowa ta katako har tafin hannuna. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan matakala. A nan ne maganar da na kasa faɗa tun Litinin ta fito. Na ɗaga kai na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya leƙo ƙasa, ya daɗe yana kallona. "Riƙe tsani da kyau," ya ce.

Sha ɗaya saura minti goma aka kawo ambulan, hatimi uku, tawada ko bushewa ba ta gama ba. Na karɓa na duba bakin sau biyu. Shugaba ya ce to, ga takarda, a bar hoton haka, za a liƙe. Lokacin gefe ɗaya ya rage.

"Ban saba barin aiki a rabi ba," in ji Baba.

Ya ja reza a gefe na huɗu, ya naɗe fuskata kamar tabarma, ya sa a hammata ya sauko. Allon ya rage da ƙatuwar taga mai kusurwa huɗu, ana hango tankin ruwan kwaleji ta ciki, a ƙasa kuma rubutun yana nan yana kiran mutane su zo su zama kamarta.

Mai fenti ya ratsa gari da mu yana danna oda kamar mai ɗauke da mai naƙuda. Duk hanya Baba ya harɗe hannayensa a ƙirji, ko kallon ambulan ba ya yi. Sha biyu saura ashirin da biyar muka sauka a gaban shago. Ya tsaya a nasa gefen titin, inda ya saba tsayawa, ya mai da hannu baya.

"Yi sauri," ya ce.

Na miƙa masa ambulan. "Kai za ka kai."

"A'a, Auta. Hannun nan ya riga ya yi ɓarna sau ɗaya."

"In ba kai ka miƙa ba, ba za a miƙa ba."

Da gaske nake, ko kusan da gaske. Na daɗe ina zaton taurin kaina na Umma ne, sai ranar na gane ta wajen biyu na gado shi. Ya kalli agogonsa, ya kalle ni, ya ga ba zan motsa ba. Ya goge tafinsa a riga ya karɓa da hannu biyu, ta gefe-gefe, yadda yake tarbar takarda mai zafi. Muka tsallaka. Masu gadin jami'a duk sun san shi, ɗaya ya buɗe baki zai yi masa tsiya, da ya ga fuskarsa sai ya matsa. Baba yana ɗingishi, bai kalli gini ko ɗaya ba. Sai da muka yi nisa ya ce, "Ashe ciki da tafiya."

Shi ya ɗora ambulan a kan kanta. Matar ta juya shi, ta bi hatiman da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta buga nata, ta rubuta lokaci. Sha biyu saura minti takwas.

Takardar da ya ɓata tana rataye a shago har yanzu, da ɗan tabon ruwa a kusurwa. Wannan sakamakon kam ba ya kife shi. Fuskar da ya yanko ta fi bakin injin girma, wannan ya dame shi, sai ya ajiye ta a bayan farin ƙyalle. Injin ledar kuwa ya kunna shi a Asabar ɗin, amma yanzu kafin ya sa wa kowace takarda sai ya tambayi mai ita, "An ce a sa?" Duk lokacin da na ji wannan tambaya sai na ji ciwon abin da na faɗa.

Bayan sati uku aka ce sunaye sun fito, an manna a allon da ke gaban sashen haɗa magunguna, allon katako ne a fili babu gilashi. Na biyo ta shago in gaya wa Baba zan je dubawa, na tarar da kwaɗo a ƙofa da tsakar rana. Hadari ya haɗu, iska ta fara kaɗa bishiyoyi. Na tsallaka da gudu.

Tun daga nesa na hango shi a gaban allon. Ya shimfiɗa faffaɗar leda a kan takardar sunayen, yana bin gefenta da salatif, rula a baki. Wani maigadi yana tsaye a bayansa yana faɗa.

"Ban taɓa ta ba," Baba ya ce da ya gan ni, bayan ya cire rular. "Daga waje na rufe."

"Malam, na ce wa ya ba ka izini?" in ji maigadin.

Baba ya danna kusurwa ta ƙarshe da babban yatsa. Ruwa ya fara sauka a kan ledar yana gangarewa. Ya ɗora yatsa a kan layi na uku.

"Wannan 'yata ce," ya ce. "Je ka kira wanda zai hana ni."